Izgar da Ba Ta Zuwa Ko'ina

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, muna zaune a shagon mamak, wato wurin shan shayi da cin abinci, na unguwar Taman Melati a nan Kuala Lumpur, wani yaro ɗan Kafanchan mai karatun kwamfuta ya miƙo min wayarsa. Wai in kalli wani Bature yana sa wa izgar celo sabuwar tsagiya. "Uncle, ka gani? Kafin shayinka ya huce ya gama. Wannan ne aikin da kake riƙe wa mutane kayansu sati guda? Easy lah." Sauran suka kwashe da dariya. Na kalli bidiyon har ƙarshe. Baturen ya iya aikinsa, ban ƙi ba. Amma ko sau ɗaya ban ji ya tambayi mai izgar komai ba, ni kuwa a wurina daga tambaya aikin yake farawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku, tunda a mamak ba kwa barin babba ya kai ƙarshen magana.

Celo dai shi ne babban gogen Turawa, wanda ake kafa shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Izga ita ce sandar da ake goga shi da ita, tsagiya kuma gashin wutsiyar doki da ke jikin sandar. Ni ba na taɓa celon kansa. Izga kawai nake yi, kuma na zo garin nan da baƙin gashi, yanzu ku dubi kaina.

Aikin farko da maigidana Sifu Leong ya ba ni shi ne tsintar gashi. Tsohon Basine ne, shagonsa na saman wani mai facin taya a Setapak, inda nake har yau. Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a Faransa a ƙarƙashin masu yin izga, ya dawo da tari da rashin yarda da mutane. Ni karatu ya kawo ni, karatun ya tsaya, na shiga ɗauko masa kaya daga ƙasa zuwa sama. Wata rana ya ga ina jan damin tsagiya tsakanin yatsuna ina zare masu lanƙwasa, abin da na saba tun ina yaro wajen dawakin kakana a Bokkos. Sai ya turo min kujera da ƙafa. Na daɗe a kan kujerar nan ina tsinta. Ni ina zargin ya samu ɗan aikin banza ne, shi kuma in zai shiga bayi sai ya kulle durowar wuƙaƙe ya tafi da makulli. Haka muka zauna muna hararar juna har muka saba.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙa ce da kai za ka wasa abarka, da ƙaramin cizal na sassaƙa, da mataji, da zare, da fitilar sifirit, da ƙaro. Ka zaɓi gashi, ka ɗaure bakinsa, ka ƙona shi da ƙaro ya dunƙule. Ka sassaƙa ɗan guntun itace da bai kai ƙwayar masara ba, ka toshe ramin kan izga da shi, ya riƙe gashin ba tare da ɗigon gam ba. In ya yi ƙanƙanta gashi ya zare a tsakiyar wasa a gaban jama'a, in ya yi girma ya tsaga kan. Sai ka jiƙa, ka taje, ka auna tsawo, ka ɗaure ɗaya bakin ka sa shi cikin baƙin itacen nan na wajen hannu, wanda Turawa ke kira kwaɗo, ban san abin da kwaɗo ya yi musu ba. A gindin sandar akwai sukuru: in ka murɗa, kwaɗon ya ja baya gashi ya ɗame, in ka warware, ya saki.

Izgar Faransa ta farko da ya yarda na taɓa, sai da ya sa na wanke hannu har gwiwa. Jan itace ne daga Brazil, mai nauyi, mai taurin kai. Tsofaffin maƙeran can da ido da wuƙa suke fere shi, a hankali yana sirancewa daga gindi zuwa kai, sannan su gasa shi bisa wuta kaɗan-kaɗan su lanƙwasa. Ba su da na'ura, shi ya sa kowane kai da irin yankan mai shi. Sifu ya ce in rufe ido in bi sandar da yatsa. Ban ji inda ta fara sirancewa ba, ban ji inda ta daina ba. Ya ce to shi ke nan, wannan ita ce Faransa. Sunan da aka buga a gindi kuwa, ya ce shi ne abu na ƙarshe da zan duba, don kowane ɓarawo yana da ƙarfen buga suna.

Kwastoma kuma, Allah Ya shirye su. Ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce ni na zauna a kai ba. Kullum buɗe akwati aka yi aka tarar ta karye da kanta. Wani ya liƙe tsaga da gam ɗin takalmi ya shafa man goge katako, ya kawo min wai gashi kawai za a canja, don in ta ɓalle a hannuna ya ce ni ne. Wani ya kawo izgar kanti mai sunan Faransa, ya ce ta kakan matarsa ce. Duk izgar da ta shigo sai na kai ta bakin taga na juya ta, na sansana kan, mai ita yana tsaye yana kallo. Suna jin haushi, ni ma ba daɗi nake ji ba.

Amma babbar tambaya ita ce: ina za ta? A bangon shagon akwai wata izga rataye da ƙusa, kanta a guntule. Gashin doki abu ne mai shan iska. A laimar Kuala Lumpur yakan miƙe ya ƙara tsawo, in ya je busasshen wuri ya ƙanƙance. Wannan ta bango, Sifu ya yanka mata gashi daidai da nan, mai ita ya tafi ƙasar sanyi inda hita ke busar da ɗaki. Ya warware sukuru har ƙarshe kamar yadda aka koya masa, amma gashin ya ci gaba da ja a cikin akwati, ya ja, ya ja, har kan ya ɓalle. Izgar da kanta ya ɓalle ko an gyara ta, ta tashi daga izgar kirki. Tun daga nan doka ce a shagon: mai tafiya ƙasar sanyi a yanka masa gashi da tsawo. Sai dai mai tsawon nan, in aka goga ta a nan, ba ta ɗamewa. Ka murɗa sukuru har ya ƙure, itace na taɓa igiyar celo yana ƙara. Wanda bai sani ba zai ce maka mugun aiki ne.

Basine ko Bamale ɗan ƙasar nan in ka tambaye shi ina za ta, ya faɗa maka har da lambar jirgi. Mu mutanen gida mu ne matsala. Mu ba ma faɗin tafiya, Kirista da Musulmi duk ɗaya muke a nan. Ku ci abinci da mutum ran Lahadi, ran Laraba ka ga hotonsa cikin ƙanƙara da hular ulu. Wani tsoron baki yake, wani tsoron saƙo, wani kunyar a hana shi biza bayan ya gama shela. Ni ma da zan zo nan, ƙanwar babana ba ta sani ba sai da na sauka. To ku dubi sana'ar da na faɗa ciki.

Izgar da nake son ba ku labarinta ta zo bayan rasuwar Sifu, lokacin shagon ya dawo hannuna da kwastomominsa, waɗanda rabinsu har lokacin ƙafa ɗaya a ciki ƙafa ɗaya a waje suke da ni. Dokta Yakubu ne ya kawo ta, mutumin Kagoro, malamin injiniya a jami'a wajen Lembah Pantai, dattijo a majami'armu. 'Yarsa Rifkatu na biye da shi. A nan ta girma, in ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci, amma a celo ba ta da na biyu cikin yaranmu. Na buɗe akwatin. Na san izgar. Tsohuwar Faransa ce, ja mai duhu, da zoben azurfa, da ɗan tabo a gefen kwaɗo inda babban yatsa ya ci itace. Ta marigayiya Madam Teoh ce, wata tsohuwar malamar celo da Sifu ya yi wa aiki tsawon rayuwarsa.

"Dokta, ina kuka samo wannan?"

"Haba Baba Bulus, ko gaisawa ba mu gama ba."

"Mu gaisa, amma ina kuka samo ta?"

Ya ce marigayiyar ce ta bar wa Rifkatu, ɗalibarta. Na ce to madalla, na ce su dawo. Suna sauka daga bene na kira 'yar Madam Teoh na tambaya. Gaskiya ne, ta ce, uwarta da bakinta ta faɗa. Na ji kunya kaɗan, ba da yawa ba.

Da suka dawo na yi tambayata. Dokta ya ce ba inda za ta, a nan Rifkatu za ta ci gaba. Ya ɗan zaga shagon, ya dawo ya nuna ɗan farin abin da ke lulluɓe da bakin kan izgar. "Wannan fa, hauren giwa ne?" Na ce a'a, Sifu ya canja shi tun da daɗewa. Sai na ga kafaɗarsa ta sauka. To ni a shekarun da na yi, ba wanda ya taɓa damuwa da hauren giwa sai wanda zai bi ta gaban kwastan. Na dubi Rifkatu, ta dubi takalminta. Na tuna matarsa ta tambayi wata a majami'a inda ake samun rigunan sanyi na gwanjo a kasuwar Danau Kota, wai na wata ƙawarta ne a gida.

Na sauko da ta bango na ajiye a gabansa, na yi masa bayani. Ban gama ba ya ɗaga hannu. Injiniya ne, ya riga ni zuwa ƙarshen lissafin.

"Na gane, Baba. Na gane sarai. Amma ba inda za ta."

"Dokta, ni ba zan faɗa wa kowa ba. Ko da kai ka yi min alama."

"Ka yanka mata na nan."

Ban zarge shi da wauta ba, don na san abin da ya same su. Babban ɗansu Ayuba ya taɓa samun makaranta a waje, Dokta ya tashi a gaban jama'a ya ba da shaida, aka yi tafi aka yi guɗa. Aka hana yaron biza. Duk inda ya shiga sai a ce, ah, ba ka tafi ba? Har ya daina fitowa, daga baya aka mai da shi gida ba lafiya. Matar Dokta ta ce baki ne, kuma ta rantse ba za a sake ba. Wa zai ce mata ba haka ba ne?

Na bar izgar a kan tebur ina zuwa ina dawowa. In na yanka na nan kuma zatona ya yi daidai, izgar da wani ya fere tun kafin a haifi kakana za ta guntule a akwatin yarinyar da ba ta san kowa ba a ƙasar mutane, ana gobe za ta tsaya gaban malamai. In na yanka mai tsawo kuma zatona bai yi ba, na ɓata aiki, na saɓa wa mai kaya a kan zargi kawai. Hujjata tambaya ɗaya ce da rigar gwanjo. Na jiƙa gashi, na taje, na auna na nan, sannan na matsa da yatsana gaba na ɗaure a can.

Ranar karɓa na faɗa masa. "Dokta, mai tsawo na yanka." Ya dube ni. Bai ce a sake ba, bai ce an gode ba. Ya rufe akwati. Na ce kafin nan ta riƙa amfani da tsohuwar izgarta. Ya ce ba zai yiwu ba, an riga an sanar ran bikin godiya za ta goga da ta marigayiya, har an gayyaci 'yar Madam Teoh.

Ran bikin aka wayi gari da ruwa, irin wanda bango ke gumi. Majami'armu hawa na biyu ce a jerin shaguna, iyakwandishan ɗaya ya mutu. Rifkatu ta zauna, ta murɗa sukuru, ta murɗa, ya ƙure. Ta fara. Inda waƙar ke tafiya a hankali abin ya yi daɗi har wasu mata suka rufe ido. Da ta danna, itace ya taɓa igiya ya yi wani ƙara kamar an ja kujera. Ta sake dannawa, ya sake. Ta kai ƙarshe dai, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ni ina baya, gumi har cikin takalmi.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakina. Shekara da shekaru ina ba mutanen majami'ar nan labarin izgar bango, kamar yadda nake ba ku yanzu. A wajen cin abinci, Mama Talatu ta ƙungiyar mata, wadda ba abin da ke wuce ta, ta ɗaga murya da faranti a hannu. "Af! Ashe Rifkatu tafiya za ta yi? Ai Baba Bulus ya ce in kun ga ya saki gashi, ƙasar sanyi za a." Kowa ya juyo. Na ga matar Dokta ta dafa bango.

Dokta ya ajiye cokali. "Wace tafiya? Tsufa ne ya kama hannunsa. Na ce masa na nan, na nan, ya je ya lalata mana izga. Ku tambaye shi, ga shi nan." Ya maimaita da Turanci, don 'yar Madam Teoh da ke gefensa ta ji.

Duk ido ya dawo kaina. Ina da amsa, a kan harshena take. Sai dai amsar ita ce asirinsu. Na dubi yarinyar, ta ƙanƙame akwatin a ƙirji. Na ce, "Ku yi haƙuri, Dokta. Idona ne ya fara ba ni matsala." Na faɗa da Turanci ni ma.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna sai na ji ɗaci. 'Yar Madam Teoh ba muguwa ba ce, amma ta san duk malaman goge na garin nan, kuma ta ji da kunnenta mutumin Sifu ya ce ba ya gani. Masu ƙafa ɗaya a waje suka fitar da ta biyun. Ko shekarar kullen korona ba ta yi min abin da shekarar nan ta yi min ba. Na koma liƙa gitar yara da gyaran ƙafar teburin waƙa. Damin tsagiya mai kyau da na yi oda ya zauna a durowa har ƙwari suka fara ci. Bayan kamar wata guda aka nemi Rifkatu a sujada aka rasa, sai ga hoto cikin ƙanƙara. Mama Talatu ta ce ai ita ta faɗa. Na je wurin wata malama na yi mata bayanin abin da ya faru, ta ce boleh, boleh, wato ba damuwa da yarensu, tana murmushi, ba ta sake aiko ko ɗalibi ɗaya ba. Dokta bai taɓa tashi ya janye maganarsa ba. In mun haɗu ya gaishe ni da hannu biyu ya wuce da sauri, daga baya su ma suka bar ƙasar, ba sallama, yadda muka saba. Sunan nan sai da na sake gina shi izga bayan izga, wasu kuma ba su dawo ba har yau.

Bara, da rana tsaka, ina yi wa wata mata 'yar majami'armu gyaran izgar ɗanta tana zaune tana jira, na ji takun sawu a bene. Wata budurwa ce doguwa, da akwati siriri a hannu. Sai da ta ce "Kawu" na gane Rifkatu ce. Ban tambayi lafiyar kowa ba, na karɓi akwatin na kai bakin taga. Na juya kan, na sansana, na bi da yatsa. Lafiya lau yake, ko tsaga babu.

Hausarta ta ɗan gyaru, da alama kewa ta koya mata. Ta ce da ta isa can, kwana kaɗan gashin ya ɗame da kansa ya zauna daidai. Ta ce, "Baba ya ce in gaishe ka. Ya ce wai ka sani." Na ce ina amsawa. Ta zo hutu ne, ta ce, kuma ba ta son kowa ya sa mata gashi sai ni.

Na jawo damin tsagiya, na yi tambayata. "Ina za ta?"

Ta saci kallon matar da ke zaune, wadda ta riga ta daina taɓa waya ta kasa kunne. "Nan nan, Kawu. Na dawo ke nan. Ba inda za ni."

Na ce to.

Ranar da ta zo karɓa ba kowa a shagon. Ta ɗauki izgar, ta murɗa sukuru, ta murɗa, ya ƙure, gashin na nan a sake. Ta tsaya tana kallonsa. Yarinyar nan da ta girma tana ce wa manya "hai" irin ta Turawa da ɗaga hannu, sai ta ajiye izgar a kan tebur a hankali, ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙasa, cikin garin itace da guntayen gashi. Na ce ta tashi kar ta ɓata wandonta. Ban tambaye ta wace ƙasa ba, ita ma ba ta faɗa ba.